Kaset ɗin da na hana kowa aro

Jama'a, yau rowata ta kunyata ni a kasuwar Jimeta!

Kun san kaset ɗin mai kukuman Bama da nake hana kowa aro, ina taƙama ni kaɗai ke da shi. To, rediyona ta fara cinye zaren. Dole na kai wa mai tura waƙa ya juye mini a memori.

Ya kunna. Ana kiɗa ana guɗa, sai mawaƙin ya yi tari ya ce, "Falmata, kawo ruwa!"

Mai shago ya ce, "Baffa, in yanke surutun nan? Waƙa zalla mutane ke so."

Wata mata da ta zo cajin waya ta ce, "Kar ka yanke! Maimaita."

Ya maimaita. Sai ta zauna a ƙasa!

Ashe ita ce Falmatar. Mawaƙin mahaifinta ne, ya rasu a hanya da rikici ya koro su daga Bama. Ko hotonsa ba ta da shi.

Na ce a tura mata duka. Ta tambayi unguwarmu, na ce Rumde.

Ta share hawaye ta ce, "Ni ma can nake, Baffa. Ashe duk shekarun nan muryar Baba na nan kusa da gidana?"