Babu-Gyara da Ɓurɓushin Tsohuwar Firinta

Wani manaja mai jan biro ne ya jawo mata sunan. A kamfanin sufurin da ta yi wa aikin buga takardu shekara ashirin da shida, duk takardar da aka buga sai ta bi ta teburinsa, ya yi mata zane-zane kamar kaza ta yi tono, ya mayar wa mai ita. Tata kaɗai ke dawowa fes, da kalma biyu a gefe: babu gyara. Tun direbobi na tsokanarta da sunan har ya bi ta. Yau ko jikokinta suka ji an ce Babu-Gyara, sun san da kakarsu ake.

'Yar mai gyaran agogo ce. Ta tashi tana ganin mahaifinta yana shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur yana jera 'yan mitsi-mitsin ƙarafa, kuma ba ya cire abu sai ya san inda zai mayar da shi. Hannunsa ta gado, da taurin kansa. Da tafireta ta fara aiki, irin mai ƙararrawar nan. Lokacin da aka kawo kwamfuta ofis, kowa ya ɗauka tata ta ƙare, don ita ce babba a cikin masu bugu. Ta riƙa zama lokacin hutun rana tana lalube, tana rubuta duk abin da ta gano a wani littafi mai baƙin bango, kafin shekara ta zagayo ita ake tambaya.

Da ta ajiye aiki ba ta iya zaman gida ba. Ta kama wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai sayar da takalma. Tebur ɗaya ne, da benci na masu jira, da fanka mai kaɗa kai kamar tana musu da wani. Nan take buga wa mutane takardar neman aiki, da yarjejeniyar haya, da wasiƙar koke. Ta tsara samfurin kowace irin takarda ta adana, sun fi ɗari uku, ta kuma sa an saka mata tsarin rubutu mai haruffan lanƙwasa, don ba ta yarda a rubuta ƙasa kamar kasa ba.

Kwamfutar kuwa ta zama kamar rijiyar unguwa. Mai hoto ya shigo ya saka abin gyaran hotonsa, in ya gama ya ce ya cire. Mijin 'yarta Auta, wato surukinta, in ya kawo yara gaisuwa sai ya saka mata wata manhaja da ya ce duk ofisoshi yanzu ita ake yi. Shekara bakwai ana haka, har na'urar ta koma sai an kunna ta an share shago an goge benci kafin ta farka.

Abin bai dame ta sosai ba sai da firintarta ta mutu ta sayo sabuwa. Aka zo saka manhajar sabuwar, kwamfuta ta ce atafau akwai tsohuwa a ciki, a fara cire ta. Babu-Gyara ta shiga inda ake cire manhajoji, ta cire, ta ga sunan ya ɓace da idonta. Ta sake gwadawa, amsar ba ta canza ba. Kwana biyu sabuwar firinta na zaune a kan tebur da ledarta, ita kuwa tana ɗaukar aikin mutane a filashi tana tsallaka titi wani shago ya fitar mata. Wannan tsallaka titin ya fi komai ƙona mata rai.

Ta kira mai gyaran kwamfuta na saman bene, wanda kowa ke ce wa Injiniya, magidanci mai fara'a da saurin hannu. Ya danna nan ya danna can, ya yi mata bayani cewa manhaja in an cire ta ba duka take fita ba. Tana barin ɓurɓushi a lungu-lungu, da sunanta a wani kundi da kwamfutar ke ajiye labarin duk abin da aka taɓa saka mata. Shi ne sabuwar ke gani tana cewa akwai mai ɗaki. Maganinsa a wurinsa guda ne: a goge komai da komai, a sake zubi.

"Injiniya, saboda ɓera ɗaya za ka rushe mini ɗaki?" ta tambaye shi.

"Mama, ai shi ya fi sauƙi. Takardunki zan kwashe miki su gefe."

"Ya fi wa wa sauƙi?"

Ya yi dariya ya ce in ta shirya ta aiko. Ta san zai kwashe takardun, amma ta san tsarin da ta yi shekara bakwai tana daidaitawa, daga faɗin gefen takarda har zuwa haruffanta, ba a filashi yake shiga ba. Surukinta da ya ji labari ya aiko Auta ta ce ra'ayinsa ɗaya da na Injiniya, wai kada Mama ta wahalar da kanta da abin da ba na zamaninta ba.

Wannan saƙon ne ya sa ta ɗauko littafinta mai baƙin bango. Ta zaunar da Auta a benci, ta sa ta bincika a waya ko akwai manhajar da aikinta shi ne cire 'yan uwanta har saiwa. Ashe suna nan birjik, kowace na yabon kanta kamar mai tallan magani a tasha. Auta ta ce a ɗauki wadda ta fi yawan taurari. Uwar ta ce taurari ba su san abin da ke cikin kwamfutarta ba. Ta rubuta abin da take nema da hannunta: wadda za ta nuna mata abin da za ta goge kafin ta goge, wadda in an yi kuskure akwai hanyar dawowa, wadda kuma ba za ta shigo da 'yan rakiya ba. Can ƙasa ta ƙara layi guda: ita kanta in ta gama aiki, tana fita salin-alin?

Ba ta yarda ta yi gwaji a kan abin sana'arta ba. Mai hoto na da wata tsohuwar kwamfuta da ya jingine a bayan labule, ta aro ta, ta saka mata manhajar tsohuwar firinta da tsarin haruffanta, ta mayar da ita filin gwaji. Tsakanin mai kawo aiki da mai karɓa take juyawa kan gwajin.

Manhajar farko tana buɗewa ta cika allo da jan rubutu, wai ta gano matsala dubu uku da wani abu. Babu-Gyara ta kalli adadin ta taɓe baki, ta ce ko asibiti ba a yi wa mutum irin wannan albishir. Da ta duba, sai ga wasu manhajoji biyu da ba ta gayyata ba sun bi bayanta sun zauna. Ta ja mata layi. Wata kuma ko buɗewa ta ƙi yi.

Wadda ta kusa ruɗinta ita ce ta uku. Kyakkyawa ce, maɓalli ɗaya tak, kana dannawa ta share cikin ƙiftawar ido. Ta cire ɓurɓushin firintar kuwa tas. Har Babu-Gyara ta fara murmushi, sai halinta na sake duba aiki ya motsa. Ta buɗe shafi ta buga jimlar da take gwada kowace na'ura da ita: muna maraba da baƙi. Abin da ya fito shi ne muna maraba da baki. Manhajar ta haɗa da tsarin haruffanta ta kwashe, ba sallama ba tambaya, kuma babu inda za a ce mata ta dawo da shi. Mai takalma ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai bakin ma abin a yi maraba da shi ne, in dai ba da yunwa ya zo ba. Ita ba ta yi dariya ba. Tana tunanin da a ce a kan tata kwamfutar ta danna maɓallin nan.

Ta ƙarshe ba ta da kyan gani ko kaɗan, fari da toka kamar fom ɗin ofis. Amma kafin ta taɓa komai sai da ta nemi izinin ajiye hoton yadda na'urar take, don a iya komawa. Ta cire manhajar firintar da aka sake sakawa don gwaji, sannan ta jero duk ɓurɓushin da ta samu, kowane da adireshinsa da ɗan akwati a gefe, ta tsaya tana jira. Babu-Gyara ta gyara zaman tabarau. Ta goge abu guda da gangan, ta ce a dawo da shi, ya dawo. Ta cire ita manhajar kanta, ta bi sawu, ba ta bar ko ƙura ba.

Washegari da safe ta kwashe takardunta a filashi biyu, ta rufe ƙofa rabi, ta fuskanci tata kwamfutar. Layi ɗari da goma sha huɗu aka jero mata na tsohuwar firinta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro a jikin allo. Wanda ta ga sunan firintar a jikinsa ta yi masa alama. Guda tara ba ta gane su ba, ta kwafe su a littafi ta bar su inda suke. Wajen azahar ta saka manhajar sabuwar firinta, ta shige ba gardama. Takardar farko da ta fito ta wata bazawara ce mai neman aikin share-share a makaranta. Ta ɗaga ta a haske, ta duba gefe da gefe, ta miƙa mata.

Sauran tarkacen shekara bakwai a hankali ta bi su, kullum biyu ko uku, har kwamfutar ta koma tashi kafin ta rataye mayafinta.

Injiniya ya sauko bayan mako guda don ya ji ko ta shirya, ya tarar da firinta na ta aman takardu. Ya zauna ya duba. Ta nuna masa layuka taran nan, ya ce shida daga ciki da ta goge su da na'urarta ta ɗaukar hoton takardu ta daina aiki.

"Mama, wa ya nuna miki ki bar su?"

"Ban san su ba ne. Abin da ban sani ba, ba na taɓa shi."

Ya nemi sunan manhajar, ta rubuta masa a 'yar takarda. Mutum ne mai gaskiya, bai ɓoye inda ya samo ba. Tun daga nan in aka kawo masa irin wannan matsalar ga shi aiki ya yi masa yawa, sai ya ce a sauka ƙasa wurin Mama. Ta ƙara layi ɗaya na gyaran kwamfuta a allon ƙofar shagonta, da fenti shuɗi.

Surukinta ya fi kowa daɗewa bai zo ba. Da tasa kwamfutar ta ofis ta fara ciwo, kunya ta hana shi kawowa, sai ya ba Auta. Babu-Gyara ta yi yini guda a kan kwamfutar. A cikin ɓurɓushin ta tarar da na wasannin kati har kala huɗu, waɗanda aka saka aka cire, aka sake sakawa aka sake cirewa, a na'urar mutumin da kullum yake cewa aiki ba ya barinsa ko shan ruwa. Ta yi musu alama ta goge, ta naɗe wayar caji ta sa a jaka. Auta ta tambaye ta me ta gani a ciki.

"Ki gaishe shi," ta ce. "Ki ce masa aiki ne ya yi mata yawa."