Inuwar Ƙofar Gidan Baba Okoro

Ƙamshin furen darbejiya gauraye da warin fetur ne ya fara tarbata a ranar, kuma har yau idan bazara ta kama, itatuwa suka yi fure, sai ranar ta dawo mini ɗungurungum. Ƙaramar akawu ce ni a lokacin, a ofishin da ke kula da titunan gari a Maiduguri, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Aikina in karɓi koke, in ba shi lamba, in buga shi a keken rubutu, in sa a fayil, in kai teburin Malam Bukar, sufeton tituna. Shi ke karantawa ya rubuta abin da za a yi da jan alƙalami. Idan babu mai koke, sai in juya takardun da suka lalace in riƙa rubuta 'yan waƙoƙina a bayansu.

Koken da nake nufi na wata mai sayar da atamfa ne a Kasuwar Litinin, ana ce mata Mama Ngozi. Mijinta, Baba Okoro, kafinta ne da ciwo ya shanye masa ƙafafu. Da hannunsa ya ƙera wa kansa kujera mai tayoyin keke. Akwai lambatu a gaban gidansu, don haka suka nemi izini suka zuba 'yar gadar siminti mai gangare, yadda kujerar za ta sauka titi. Matsalar ita ce direbobin motocin haya sun mai da wurin tasharsu. Tun hantsi mota za ta tsaya daidai bakin gadar, sai la'asar ta tashi, wata ta maye gurbinta.

Mun bi ƙa'ida yadda take. Aka aika ɗan doka ya yi musu gargaɗi, suka matsa kwana biyu suka dawo. Aka kafa allo mai cewa an hana tsayawa, suka riƙa shanya tsumman goge mota a kansa. Mama Ngozi ta zo sau huɗu. A zuwanta na huɗu ba ta ko zauna ba.

“'Yata,” ta ce, “takardarku tana yawo ofis-ofis, mijina yana zaune wuri ɗaya. Shi ma yana so ya fita.”

Na ce mata ana kan duba maganar. Na gaji da faɗin wannan jimla, ita ma ta gaji da jin ta.

Malam Bukar ya leƙo daga ofishinsa yana fifita da wani fayil. “Malama Hauwa, je ki gani da idonki ki rubuto mini rahoto. Shafi ɗaya, don Allah. Ban ce ki yi mini waƙa ba.”

Na isa wajen azahar. Titin fayau yake, rana kamar ta narka kwalta, sai darbejiya ɗaya tak, babba, 'yan taku kaɗan daga gadar. Motoci uku na ƙarƙashinta, ta farkon ta toshe gangaren gaba ɗaya. Direbobi na kishingiɗe a tabarma. Babbansu, wani dattijo mai suna Ba Modu, ya tashi zaune ya gyara hula, ya gaishe ni da yaren garin.

“Wushe, Malama. Yau kuma mace aka turo? Ɗan doka ya gaji ke nan.”

Na ce masa mai gidan ba ya iya fita saboda motarsa.

“To ya yi magana mana, sai a matsa. Mu ba mugaye ba ne.”

“Kullum sai ya roƙa kafin ya fita daga gidansa?”

Ya nuna rana a sama. “Malama, waccan ce ta koro mu. Kujerar mota idan ta sha rana, fasinja ba ya zama. Ki rubuta wa rana takarda, idan ta matsa mu ma mu matsa.”

Sauran suka yi dariya. Ni ma na kusa yi.

Na ratsa ta gefen motar na shiga zauren. Baba Okoro na cikin kujerarsa, ya sa farar riga mai guga, hula a kan gwiwa, kamar mai shirin tafiya. Abin da yake iya gani ta ƙofa bai wuce bayan mota ba. Na gaishe shi ya amsa da Hausarsa mai taushi. Na tambaye shi tun yaushe motocin suka fara tsayawa, mota nawa, daga wane lokaci zuwa wane lokaci. Duk ya amsa, na rubuta. Na ɗauka asibiti yake son zuwa, ko coci. Ban tambaya ba, domin babu gurbin wannan tambayar a takardarmu.

Da na koma na buga rahoton shafi ɗaya kamar yadda aka ce. Amma a ƙarshe hannuna ya rinjaye ni, na ƙara layi guda da ya yi mini daɗi: “Ba titin ne ke tara su ba, inuwar darbejiya ce ke kiransu, kamar yadda rijiya ke kiran matafiya.”

Washegari fayil ɗin ya dawo. Malam Bukar ya ja jan layi ƙarƙashin kalmar inuwa, ya rubuta a gefe: “A sare.” Itatuwan bakin titi na hukuma ne, ba sai an nemi yardar kowa ba.

“Ranka ya daɗe, ba haka nake nufi ba,” na ce.

“Amma haka kika gano. Wata uku muna fama, ke kin warware a layi ɗaya. Buga umarnin.”

Na buga. Leburori suka je da gatari da safe, lokacin Mama Ngozi na kasuwa. Kafin mako ya zagayo babu mota ko ɗaya a ƙofar gidan. Mama Ngozi ba ta sake zuwa ofis ba, muka ɗauki hakan a matsayin godiya. Aka rufe fayil ɗin, aka yaba mini. Su Ba Modu kuwa sun koma ƙarƙashin wata darbejiyar a layi na gaba, ƙofar wani gidan, na buɗe sabon fayil na ba shi sabuwar lamba.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, abin da ya koya mini ke nan: ofis yana jin daɗin koken da ya yi shiru, ba ya tambayar abin da ya sa ya yi shirun. Kuma tambayar da babu ita a takarda, sau da yawa ita ce ta kamata a fara yi.

Na daɗe ban san ƙarshen labarin ba. Sai bayan shekaru masu yawa, na shiga Kasuwar Litinin neman atamfa, na tsaya a wata rumfa. Mai rumfar ta yi ta kallona, can ta ce ita ce Ngozi, 'yar Baba Okoro, ta tuna ranar da na zo gidansu da littafi a hannu, lokacin tana yarinya. Na tambaye ta mahaifinta. Ta ce ya rasu da daminar shekarar da na je gidansu. Na ce ko ba komai ya samu hanyar fita kafin nan.

Ta ci gaba da ninke atamfar, ba ta ɗago ba.

“Fita zuwa ina, Malama? Baba ba ya zuwa ko'ina. Shi ya shayar da itacen nan tun yana tsiro. An zuba gadar ne don ya riƙa gangarawa ya zauna a ƙarƙashinsa. Tun ranar da aka sare shi bai ƙara cewa a tura shi waje ba.”