Daminar da Muka Ɗebi Intanet a Bokiti

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya san ba a binne bututu a layinmu ya zauna lafiya. Mu mutane ne da ƙishirwa ta rena. Famfon gidanmu ya daɗe bai kawo ruwa ba har gizo-gizo ya yi jikoki a ciki, ni da idona na ga ƙadangare yana karɓar haya a bakinsa. Don haka al'adarmu ɗaya ce: da gwamnati ta shimfiɗa bututu, kowane maigida sai ya kira mai gyaran famfo ya jona wa gidansa, izini kuma a nema daga baya in an tuna.

Wata damina sai ga ma'aikata da diga da shebur suna tsaga layin. Wai ƙaramar hukuma ce za ta kawo intanet mai gudu don kasuwanci ya bunƙasa. Kansilanmu ya hau tudun ƙasar da aka haƙo ya ce daga yanzu mai ƙosai ma Turawa za ta riƙa soya wa. Muka yi tafi, don tafi ba ya cin komai. Aka zura waya cikin wani baƙin bututu, aka mai da ƙasa, aka tafi.

Mutum ɗaya ne ya ɗauki maganar da gaske, abokina tun firamare, mai shagon kwamfuta inda ɗalibai ke duba sakamakon jarrabawa. Sabis a shagonsa sai ya hau benci ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ɗalibai duk sun gudu unguwar Kwangila, shi ma ya sami shago can yana shirin binsu. A ƙofarsa majalisarmu take: nan muke caji kyauta, mu sha fanka kyauta, mu zagi gwamnati kyauta. Ya ce mana in bututun nan ya yi aiki ya fasa tashi, in bai yi ba mu nemi wata inuwa.

Sai Alhaji mai gidan kusurwa ya shigo maganar. Tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, wanda ko sallama ka yi masa sai ya auna ta ya ga ko ta cika mudu.

"Intanet a bututu?" ya ce. "Ku yara ne. Intanet a iska take, jikana ma ya sani. Ruwa ne za su wuce da shi unguwar manya, suka ce mana intanet don kada mu taɓa."

Abokina ya rusuna ya ce, "Alhaji, wallahi waya ce a ciki, siririya kamar gashi, ta gilashi."

"Ta gilashi! Malam, ka ji abin da bakinka ke faɗa. Wa ke binne gilashi in ba mahaukaci ba?"

Washegari da hantsi Alhaji ya kira mai gyaran famfo, aka tona, aka huda. Ashe ma'aikatan sun bar bakin bututun a buɗe can saman layi, ruwan sama ya cika shi taf. Ana cire ƙarfen huji sai ga ruwa tsiiit, ja kamar kunun kanwa, ya wanke wa Alhaji ƙafar wando. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. 'Yan garuwa suka tsaya da kurarsu suna kallo kamar an yi musu rasuwa.

Abokina ya taho a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. "Alhaji, don girman Allah a dakata!"

Alhaji ya ɗaga masa wandon. "Malam, ka taɓa ganin intanet ta jiƙa wando?"

Ni kaina, da nake ji da boko, sai da na fara shakka.

Kafin Juma'a ta zagayo mai gyaran famfo ya zama babban mutum, har daga Tudun Jukun ake aiko masa gaisuwa. Gida-gida ya bi yana huji. Ruwan ya ƙare tun a gida na uku ko na huɗu, amma sauran suka ce a jona musu dai, kada ranar da aka sake shi a bar su a baya. Abokina ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, aka ce baƙin ciki yake yi.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, ciyaman ya zo da babbar riga mai cin mutum biyu, aka zaɓi shagon abokina don gwaji. Ciyaman ya danna kwamfuta. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskarta. Ya juya, ya juya, har makaɗa suka gaji suka zauna. Injiniya ya sa aka tona ƙasa, ya ciro bututu duk huji kamar sarewa, wayar ciki an yi mata gunduwa-gunduwa. Ya kalle mu, mu kuma muka kalli sama muna duba hadari.

Ciyaman bai ko girgiza ba. Ya yanke ƙyalle, ya ce Tudun Wada ta shiga sahun duniya, aka ɗauki hoto daga inda ramin ba zai fito ba, ya shige mota.

Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani ko? Da suka ga mun gano su sai suka rufe ruwan."

Sati na zagayowa abokina ya loda kwamfutocinsa a a-kori-kura. Na taya shi ɗaure fankar da kaina, ina ce masa ya yi haƙuri, ai za a gyara. Ya ce in an gyara in hau benci in kira shi.

Yanzu in ina son caji da hira sai na hau acaɓa zuwa Kwangila. Alhaji kuwa ya sa wa famfonsa kwaɗo, kada maƙwabta su sace masa ruwa ranar da aka sake shi.