Bahagon da ke cikin littafina

A shekarata ta ƙarshe a lise, wato sakandare, aka ɗora mana wani roman, littafin ƙagaggen labari na zamanin Turawa, wanda za a tambaye mu a jarrabawa. Nawa na gwanjo ne, a ƙasa na saye shi a kasuwar Mokolo, bangonsa a yage, wani ɗalibi ya riga ya cika gefen shafukan da zane. A gidanmu na unguwar Briqueterie babu inda mutum zai raɓe ya yi karatu sai ɗakin Kaka, mahaifiyar babana. Ita kuwa ba ta yarda a zauna mata shiru.

"Ke, wannan gunagunin da kike yi da Faransanci, zagina kike yi? Juya mini da Hausa in ji."

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar, hayaƙin masu soya yana shigowa ta taga, ina karanta shafi ina fassarawa. Da fari abin dariya ne. Tun ranar farko ta tsani kumandan Bature, sarkin ƙauyen da ke cikin labarin kuwa da babbar murya take ba shi shawara, in ya ƙi ji ta ce masa sakarai.

Sai muka zo inda sojoji suka kewaye kasuwar ƙauyen, suka kwashe maza zuwa aikin tilas na hanyar jirgin ƙasa. Cikin waɗanda aka ɗaure da igiya har da wani baƙon saurayi, Bahaushe mai tallar goro. Marubucin ko suna bai ba shi ba. Ya ce dai bahago ne, da hagu yake riƙe diga, masu gadi suna dukansa a kan haka.

Carbin Kaka ya tsaya.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Yayana ne," in ji ta.

Kowa a gidan ya san labarin. Tana ƙarama iyayenta suna fataucin goro a ƙauyukan kurmi, wata ranar kasuwa aka kama yayanta, bahago, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Har ta tsufa ba ta taɓa cewa Allah ya jiƙansa ba. Wanda ya yi kuskuren faɗa sai ta hau shi da faɗa, wai ba a yi wa mai rai addu'ar matattu.

"Kaka, roman ne fa. Ƙirƙira ce, mutumin daga kansa ya tsara."

"Wane mahaukaci ne zai zauna ya rubuta ƙarya, a buga ta, har gwamnati ta sa yara su haddace? Rufe mini baki."

Ban ga laifinta ba. Littafin da ta sani a duniya shi ne wanda malamai ke buɗewa da alwala, kuma abin da ke cikinsa ba a musunsa.

Washegari a makaranta na leƙa gaba, ni kaɗai, lokacin hutu. Da ma ban leƙa ba. Bahagon ya mutu. Bulala, sai zazzaɓi, sai rami a gefen hanya. Layi biyu kacal aka kashe masa, labari ya wuce wajen wasu.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Kaka tana da tansiyo, wato hawan jini. A shekarar da ta gabata ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, gefen bakinta ya karkace, likita ya ja mana kunne kada a kawo mata labarin tashin hankali. Ko rasuwar aminiyarta ta Elig-Edzoa ɓoye mata muka yi. Ga shi yanzu ni ce nake yawo da mutuwar yayanta a cikin jakar makaranta.

Na shiga zillewa. Yau na manta littafin a aji, gobe kaina na ciwo. In na dawo sai in same ta a kan kujera a bakin ƙofa, idonta a kan jakata. Ta rage cin abinci. Rannan ta tambaye ni ko a can wurin aikin ana ba su bargo, don shi ba ya jure sanyi.

Na tare Baba da ya dawo daga Etoudi, rigarsa da ƙarnin mayanka, na gaya masa komai. Ya daɗe yana susar gemu.

"Ki ce mata ya tsere."

"Baba, fuskata take kallo, ba littafin ba. Ko gishiri na taɓa ɗiba sai ta gane."

Kafin mu yanke shawara ita ta yanke. Ta ce in na gaji, za ta kai littafin wa telan bakin layi, shi ma ya iya Faransanci. Telan nan kuwa ko sanarwar mutuwa yake yi kamar yana faɗin kuɗin yadi. Na ce a'a, gobe zan karanta.

Ranar ruwa ake yi, yana dukan kwano har sai na ɗaga murya. Baba ya ƙi fita, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmansa a ƙafa, ya riga ya ce wa maƙwabcinmu mai taksi kada ya yi nisa. Na karanta da Faransanci tukuna, a hankali, ina jan lokaci. Sannan babu sauran wurin ɓuya, na faɗa da Hausa.

Ban kalli idonta ba. Bakinta nake kallo, ina jira in ga ya karkace.

"Sun yi masa wanka?"

"Littafin bai faɗa ba, Kaka."

"Salla fa?"

"Babu Musulmi a wurin sai shi."

Ruwa yana ta zuba. Na ji Baba ya matso taku ɗaya. Ni kam a raina na gama cewa na kashe ta.

Sai ta juya wajensa, muryarta ƙasa-ƙasa amma ba ta rawa.

"Gobe ka gaya wa liman. A sayo gero a yi gumba, a raba wa yara sadaka. Ya daɗe a kwance babu wanda ya yi masa."

Baba ya san roman ne sarai, shi ma ya zauna a aji.

"To, Inna."

Ta ajiye carbin, ta ɗaga hannayenta, na dama ya fi na hagun tashi.

"Allah ya jiƙan Yaya."

Muka ce amin. Ta Baba ba ta fito duka ba.