Don Nicanor, Mai Bar wa Tsohuwa Rabonta

Kullum da sassafe Don Nicanor Tejada yakan kurɓi baƙin kofinsa, ya ɗauki adda, ya hau tudu wurin Tsohuwa. Haka muke kiran ruwan nan da ke zubowa daga kan dutse a bayan ƙauyenmu, Arroyo Manso, don ba ta taɓa rufe baki ba. A can sama yake kwashe ganyen da ya toshe ragar bututu, ya daidaita ƙofar ƙarfen da ke tura ruwa zuwa injin wutarmu.

Masu awon da suka kafa injin sun ce Tsohuwa za ta iya haska ƙauyuka da yawa in aka ba bututu ruwan duka. Sai dai bututun ta bayan tudu ya bi, kuma duk abin da ya haɗiye ba ya isa gidajen da ke gindin dutse, inda ake sha, ake wanki, ake jiƙa gonakin koko. Saboda haka Don Nicanor bai taɓa buɗe ƙofar har ƙarshe ba.

Shekarar farin nan da ayaba ta ƙone a tsaye, wuta ta koma kamar ta aci-balbal, ga shi ana tsakiyar kallon gasar ƙwallo a talabijin. Mazan ƙauye, duka masu gidaje a saman gari, suka hau tudu da Wilkin mai shago a gaba.

“Don Nicanor, buɗe ta gaba ɗaya mana,” in ji Wilkin. “Giyata ta zama shayi a firij.”

“Me ka ce?”

“Na ce buɗe ƙofar!”

“Lafiya lau, ɗana. Ya mahaifiyarka?”

Ƙarar ruwa ta daɗe tana cin kunnuwansa, amma ranar kowa ya san kurumtar har da ta gangan. Ya zauna a kan ƙofar ya ci gaba da ɓare lemo, har suka gaji suka sauko. Doña Brígida, wadda gidanta ne na ƙarshe a gindin dutse, ta ce siririn ruwan da ya bari shi ya raya jikokinta da gonar kokonta har damina ta faɗi. Wilkin kuwa yau shi ke aika masa kofi kyauta, ko da yake bai daina mita ba.

Don Nicanor, kai ne ka sha zagin masu wuta don masu tulu. Ba ka taɓa yi mana wa'azi ba, zama kawai ka yi. Ina ƙaunarka saboda wannan taurin kan, kuma ba ni kaɗai ba.

Watan jiya gwiwa ta hana shi hawan tudu, ya miƙa makullin ƙofar ga 'yarsa Yocasta. Yanzu kurumtar ta gaske ce. Na same shi a bakin ƙofa, ƙwan lantarki na ci a kansa, ya jawo hannuna.

“Malamin makaranta, Tsohuwa tana magana kuwa?”

Na matsa kusa da kunnensa na ce, “Ta hana kowa sakat.”

Ya yi dariya ya jingina da bango.

Mun gode, Don Nicanor. Duk wanda aka damƙa wa ƙofa irin taka, ya tuna da na ƙasa kafin ya buɗe. Kai ba ka jin Tsohuwa yanzu, amma mu muna ji.