Anselme da Gidan Niƙan da Ruwa Ya Ci

Ruwa ya kai masa gwiwa lokacin da muka iso, shi kuwa yana tsaye a tsakiyar mashigin kogi da buroshin fenti a hannu, kamar ba shi ake yi wa ihu ba.

"Anselme! Fito, tsohon banza! Tun jiya suka rufe madatsar!"

"Gaspard, kauce. Kana tare mini haske."

A bayana Léonie ce, matar marigayi Marcelin mai gidan niƙa, tana haki. A gabanmu ga gidan niƙan nata, ruwa ya riga ya shanye matakala.

Ku san mutumin tukuna. Shekara arba'in da ɗaya Anselme Rougerie yana fita da sassafe, burodi da cuku a aljihu, katakon jingina zane a kafaɗa, ya zana kwarin Vaurenne har rana ta karkata. Ni ma mai zane ne. Nawa ayyukan suna rataye a shagunan Paris, jarida ta ambaci sunana sau biyu. Nasa ba su taɓa wuce kasuwar Alhamis ba. Amma ni nake kwana da ciwonsa a rai, ba zan ɓoye ba. Shi inuwar bishiya shunayya yake yinta, mutane su yi ta dariya, sai ka fita da yamma ka ga lallai shunayyar ce. Shekara talatin ina haɗa launin nan a ɓoye, laka nake samu.

Da aka sanar cewa madatsar ruwa za ta haɗiye ƙauyen, na hau tudu na zana kwarin gaba ɗaya, don na san masu saye suna son abin tausayi. Shi kuwa gida-gida ya bi, gida ashirin da uku, tambayarsa ɗaya: "Daga ina kake son ka riƙa ganin gidanka?" Wani ya ce daga bakin rijiya, wata ta ce daga hanyar dawowa daga coci. Inda aka nuna, nan yake tsayawa ya zana wa mai gida gidansa. Firmin mai raba wasiƙu ya ga tsoho Basile ya ƙi hawa amalanke sai da aka fara ɗora zanensa, kafin gado, kafin tukwane.

Léonie ce ta ƙarshe, don ta kasa amsawa sai shekaranjiya. Ta ce daga tsakiyar mashigi, inda Marcelin kan tsaya ya ɗaga mata hula. In bai gama a safiyar nan ba, shi ke nan, ita kaɗai za ta hau tudu zuwa sabon ƙauye hannu wofi.

"Baba Anselme, na yafe!" ta yi kira. "Ka fito haka nan!"

"Ke kika yafe, ni ban gama taga ba. Gaspard, tunda ka zo, riƙe mini ƙafar katakon. Ko hannun Paris ba ya shiga ruwa?"

Na shiga. Ni, mai suna a jarida, na durƙusa cikin ruwan sanyi har ƙirji ina riƙe wa Anselme katako, ina zaginsa, shi yana ta yin fito da baki. Hularsa ta faɗi, ruwa ya tafi da ita, bai waiga ba. Na ɗaga kai na ga ya ɗiga shunayyar nan tasa a gindin bangon da ke cikin zanen, daf da hancina, kuma ko a nan ban gane yadda ya haɗa ta ba.

Da muka fito Léonie ta karɓi zanen da ɗanyen fentinsa. Ta daɗe tana kallo.

"Ka bar tagar sama a buɗe."

"Haka Marcelin yake barinta, ke kika faɗa."

Ta zauna a kan ciyawa ta fashe da kuka. Ba wanda ya taɓa kuka a gaban zanena.

Kai ne, Anselme, ka kwashe ƙauye guda ka haye tudu da shi kafin ruwa ya iso. Mai taurin kai, mai ido. Yau ka ce gwiwoyinka sun gaji, ka rataye katakon. Mun gode, har da ni da hassadata. Ku masu tasowa, kafin ku buɗe akwatin fenti, ku tambayi mai gida inda yake son ku tsaya.

A ranar nan, muna matse riguna sai ga baƙar mota ta gangaro daga tudu. Wani mai farar safar hannu ya fito, ya ce daga Paris yake, ni yake nema. Na miƙe ina gyara gashin baki. Bai ko karɓi hannuna ba, idonsa na kan abin da ke cinyar Léonie.

"Wannan fa, na wane ne? Akwai wasu?"

"Ashirin da biyu," in ji Firmin da ya zo kallo, kafin in taka masa ƙafa.

Mutumin ya cire safar hannu ɗaya, ya kalli sababbin gidajen da ke kan tudu.

"Wanne ne gida na farko?"