Taswirar da Baba Ya Gyara

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a nan Lafia, na zaɓi in yi firojek a kan yadda ƙananan makamai ke tsallako iyakokin ƙasashe su shigo mana. Tsaron ƙasa da ƙasa nake karantawa, kuma a lokacin kaina ya kumbura sosai. Ko gardamar ragowar tuwo ake yi a gida, sai na sako maganar yarjejeniyar sulhu.

Wata Asabar bayan la'asar na shimfiɗa taswira a tsakar gida, na danne gefunanta da doya huɗu saboda iska. Na ja jan layi daga kan iyaka har kwarin Binuwai, yadda littattafai suka nuna. Baba na kan benci yana ɓare lemo. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara da shekaru yana lodin doya daga Doma, kafin rana tsaka ya sayar da motar, ba wanda ya san dalili. Bai yi boko ba.

Ya leƙo ya ce, "Uwata, wannan layin naki ƙarya ne."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na yi dariya na ce, "Baba, farfesoshi ne fa suka zana."

"Farfesan ya taɓa tuƙi? Wa zai bi kwalta, ga shingen bincike a kowace kwana?"

Ya karɓi birona ya ja wani layi ta cikin gonaki. Ya nuna inda ake tsallake rafi da rani, da inda ake sauya mota. Ya ce akwatunan makaman a ƙasa ake jera su, a shimfiɗa ciyawa, sannan a ɗora doya. Babu jami'in da zai tsaya cikin rana ya sauke doya mota guda.

Ni wawuya har lokacin murna nake yi, na samu abin da babu a laburare. Na ce, "A gareji kuka ji wannan?"

"Sau uku na ɗauka," in ji shi. "Na farko ban sani ba. Sauran biyun na sani."

Mutumin da ke yi mana faɗa in mun jefi ƙadangare! Nan take ƙawata ta faɗo mini a rai, wata Tibi da muke aji ɗaya. An ƙone ƙauyensu tana sakandare, ta rasa yayyenta biyu. Sau nawa ta zo gidan nan ta durƙusa ta gaishe shi, shi kuma ya sa mata albarka? Na ji haushi, na ji kunya, amma tsoro ya fi yawa.

Malamin da ke duba aikina ba ya karɓar layi ko ɗaya sai da madogara. In na kai masa taswirar Baba, tambayarsa ta farko ita ce wa ya gaya mini. Ya kuma sha faɗa mana cewa jami'an tsaro kan nemi irin waɗannan ayyuka su karanta. Sai na riƙa hango Baba, da ciwon ƙafarsa, a bayan motar 'yan sanda.

Mako biyu ba abin da ke haɗa ni da Baba sai gaisuwa. Daga nan na sayi sabuwar taswira, na maido layin littafi tsaf. Na ci da maki mai kyau, malamin har da yabo. Ƙawar tawa ce ma ta raka ni karɓo kwafin da aka yi wa bango, tana ta cewa, "Kai, Baba zai ji daɗi fa!" Na kasa kallon idonta.

Da na isa gida na miƙa wa Baba. Ba ya karatu, amma taswira ba ta ɓace masa. Ya yi ta buɗawa har ya same ta, ya bi jan layin da yatsa a hankali.

"Ba ki gyara ba."

"Baba, kama ku za a yi."

"Na sani, uwata. Kina tsammanin ban san abin da kike karantawa ba, ranar da na karɓi biron nan?" Ya rufe littafin ya miƙo mini. "Har yau ana bin hanyar. Shekaranjiya ma an wuce."